An yi mana annabci bai cika ba, yaya zan sake buɗe zuciyata ga Allah?

Wani matashi, malamin firamare, ya aiko da wannan tambaya: "Baba Fasto, mahaifina ya daɗe yana jinyar ciwon ƙoda. Wani mai annabci ya ce mana Allah ya nuna masa Baba zai tashi kafin Kirsimeti in muka kawo baiko na musamman. Muka sayar da hatsi muka kai. Baba ya rasu. Da na koma wurinsa sai ya ce bangaskiyarmu ce ta kasa. Tun daga nan ina zuwa sujada, amma ko wa'azi ake yi ba ya shiga. In na yi tambaya a ce ina shakka. Shin tambaya zunubi ce? Kuma yaya zan buɗe zuciyata ga gaskiyar Allah, in dogara gare shi, ba tare da an sake yaudarata ba?"

Ɗana, sannu da rashi. Allah ya ta'azantar da kai, da Mama, da sauran 'yan gida. Kafin mu shiga tambayarka akwai kayan da nake so ka fara saukewa daga kanka: ba ƙarancin bangaskiyarka ne ya kashe mahaifinka ba. Wanda ya faɗa maka haka ya yi muku laifi biyu, ya faɗi abin da Allah bai aiko shi da shi ba, sannan da maganarsa ta faɗi ƙasa ya kwashe nauyin ya ɗora wa masu makoki. Na daɗe ina koyar da Littafi Mai Tsarki, ban kuma taɓa cin karo da wurin da annabin Allah na gaskiya ya yi haka ba. Ma'aunin da aka ba Isra'ilawa yana cikin Maimaitawar Shari'a 18:22, kuma ba shi da wuyar ganewa: in annabi ya yi magana da sunan Ubangiji, abin kuwa bai faru ba, to ba Ubangiji ne ya faɗa ba, kada a ji tsoron mutumin. Ayar ba ta ce a koma a binciki bangaskiyar masu sauraro ba.

Ka buɗe Irmiya sura 28, domin abin da ya same ku ya taɓa samun al'umma guda. A shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu, Nebukadnezzar sarkin Babila ya kwashe sarkin Yahuza da manyan gari da kayayyakin Haikali ya tafi da su. Mutane suna cikin wannan baƙin ciki sai wani annabi mai suna Hananiya ya miƙe a cikin Haikali, a gaban firistoci da jama'a, ya ce nan da shekara biyu Allah zai karya karkiyar Babila, kaya da mutane duka su dawo. Wa zai ƙi jin irin wannan? Irmiya kansa cewa ya yi amin, Allah ya sa haka. Amma ya ƙara da cewa annabin da ya yi annabcin salama, sai maganarsa ta cika ake sanin Ubangiji ne ya aiko shi. Hananiya ya fizge karkiyar itace da ke wuyan Irmiya ya karya ta a gaban kowa. Ka ga, abin kallo yana wajensa, ƙarfin murya yana wajensa, abin da mutane suke marmarin ji ma yana wajensa. Daga baya Allah ya aiki Irmiya ya ce wa Hananiya: Ubangiji bai aike ka ba, ka sa mutanen nan sun dogara ga ƙarya. Ka lura da wannan zargi da kyau. Mutanen sun dogara, ba dogara ce ta yi musu ƙaranci ba. Abin da suka jingina da shi ne ba shi da tushe. Hananiya ya mutu a cikin shekarar nan, a wata na bakwai.

A sura ta gaba ne, wato 29, Irmiya ya rubuta wa waɗanda aka kwashe wasiƙa ya ce musu su gina gidaje, su dasa gonaki, su aurar da 'ya'yansu, su yi wa birnin da aka kai su addu'a, domin zaman shekara 70 ne. A cikin wannan wasiƙa ce ayar nan ta 11 take, wadda muke gani a kalanda da bayan mota, inda Allah yake cewa ya san shirin da yake da shi dominsu, na alheri ne ba na masifa ba. Yawancin manyan da suka fara jin wannan alkawari a Babila suka mutu. Alkawarin gaskiya ne, Allah kuma ya cika shi, amma bai zo a kan lokacin da Hananiya ya yanka ba. Ina jin zafi in na ji ana cire ayar nan daga mazauninta ana sayar wa mutane ita kamar takardar tabbacin cewa matsalarsu za ta ƙare kafin ƙarshen wata.

Batun kuɗi kuwa ba sai na ja shi ba. Elisha ya ƙi karɓar ko anini daga hannun Na'aman bayan ya warke, Gehazi da ya bi shi a ɓoye ya karɓa, kuturtar ce ta koma kansa. Saminu mai sihiri ya miƙa wa Bitrus kuɗi don ya sayi baiwar Allah, ka karanta amsar da ya samu a Ayyukan Manzanni 8:20. Yesu ya ce wa almajiransa kyauta suka samu, su bayar kyauta. Duk wanda ya sa wa warkarwa farashi, ko da wane suna ya kira farashin, ka riga ka san abin da ya isa ka sani game da shi.

Yanzu ga tambayarka ta farko. A'a, tambaya ba zunubi ba ce. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, Littafi Mai Tsarki kuma cike yake da bayin Allah masu tambaya, wasunsu ma da hawaye da ɗaci. Yahaya Maibaftisma, wanda ya nuna Yesu da yatsa a bakin Kogin Urdun ya ce ga Ɗan Rago na Allah, shi ne ya aiko daga kurkuku yana tambaya: kai ne mai zuwan, ko mu sa ido ga wani? Yesu bai aika masa da tsawa ba. Ya ce a je a gaya masa abin da ake ji da abin da ake gani, makafi suna gani, guragu suna tafiya, ana yi wa matalauta bishara. Da 'yan saƙon suka juya, sai ya shaida wa taron cewa cikin waɗanda mata suka haifa ba a taɓa yin wanda ya fi Yahaya ba. Wannan yana cikin Matiyu 11. Yahaya kuwa bai fito daga kurkukun nan da rai ba.

Zabura 13 ta fara da "har yaushe" sau huɗu. Zabura 88 ta fara da kuka ta ƙare da duhu, babu ko aya ɗaya ta farin ciki a ƙarshenta, kuma Ruhu Mai Tsarki ya bar ta cikin littafin waƙoƙin jama'ar Allah don a riƙa rerawa. Ayuba ya yi ta jayayya sura bayan sura, abokansa uku suna ta kare Allah da cewa lalle akwai laifin da ya yi. Ka ji kamar maganar da aka faɗa maka? A ƙarshe, cikin Ayuba 42:7, su Allah ya yi wa fushi, ya ce ba su faɗi gaskiya game da shi ba kamar yadda bawansa Ayuba ya yi. Marta da Maryamu kowacce ta tari Yesu da magana ɗaya: da kana nan da ɗan'uwana bai mutu ba. Bai ce musu su yi shiru ba. Ya tsaya a bakin kabari ya yi kuka.

Akwai dai tambayar da ba ta neman amsa. Bilatus ya ce wa Yesu mece ce gaskiya, ya juya ya fita bai jira ba. Farisiyawa sun yi ta tambayoyi don su kafa tarko. Bambancin yana ga inda mai tambayar ya fuskanta da kuma ko zai tsaya ya ji. Toma ya ce shi sai ya gani da idonsa, gani ya kori ji, amma bayan kwana takwas yana nan cikin ɗaki tare da sauran almajirai, kuma a nan ne Yesu ya same shi. Kai ma kana zuwa sujada ko da zuciyar ba ta motsi. Kada ka rena wannan, kada kuma ka bari wani ya kira shi munafunci.

Sai batun buɗe zuciya. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, saboda haka ban yi mamaki ba da ka kulle ko'ina. Matsalar ita ce a wurare da yawa an koya wa masu bi cewa buɗe zuciya shi ne haɗiye duk abin da aka faɗa da sunan Yesu, musamman in mai faɗar yana da taro ko dubban mabiya a Facebook da TikTok. Ka dubi yadda ake gina gidan Bahaushe. Akwai zaure. Kowane baƙo ana yi masa maraba a zaure, a shimfiɗa masa tabarma, a kawo ruwa, a saurari abin da ke tafe da shi. Amma ba kowa ake cewa ya shige cikin gida ba, sai an san shi. Kai a baya gidanka ba shi da zaure, mutumin nan ya faɗo kai tsaye har tsakar gida. Yanzu kuma ka toshe ƙofar gaba ɗaya. Abin da kake bukata shi ne zauren.

Mutanen Biriya ne suka nuna mana yadda ake yi. Bulus da Sila sun isa garinsu bayan an fitar da su daga Tasalonika da dare. Ayyukan Manzanni 17:11 ta yabe su da abu biyu a numfashi ɗaya: sun karɓi maganar da ɗoki, suna kuma bincika Littattafai kowace rana su ga ko haka abin yake. Manzo Bulus ne fa ake bincike a kansa, kuma Luka ya rubuta wannan a matsayin yabo. In har an auna maganar Bulus, wane ne yau zai ce shi ya wuce a auna shi? Bulus ɗin ma da ya rubuta wa Tasalonikawa ya haɗa su wuri guda, a wasiƙarsa ta fari 5:19-21: kada a danne Ruhu, kada a rena annabci, amma a gwada kome, a riƙe abin da ke nagari. Mu a arewa ba mu da hujjar cewa ba mu da abin gwaji. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, bayan wahalar shekaru da Dokta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa suka sha, yau kuma yana cikin wayar da ke aljihunka. An yi wannan aiki ne domin manomi da malamin firamare su iya duba da kansu ko abin da aka faɗa a kan bagade haka yake.

In aka kawo maka aya, ka karanta surar gaba ɗaya, ka ga wa ake yi wa magana, a wane hali. Ka tambayi kanka ko wannan koyarwa tana kai ka ga Yesu ne ko ga mai wa'azin, har ka ji in ba shi ba addu'arka ba za ta hau ba. Ka dubi zaman mutumin da iyalinsa da yadda yake da kuɗi, ka ga ko akwai dattawa ko majalisar ikilisiya da za su iya ce masa ya yi kuskure. Wanda ba ya ƙarƙashin kowa abin tsoro ne, komai daɗin bakinsa. Kuma kada ka yarda a hanzarta ka. Maganar da ta fito daga wurin Allah ba ta lalacewa don ka ce bari in kwana a kanta, in yi addu'a, in nemi shawara.

Amma, ɗana, wannan rabi ne kawai, kuma shi ne mai sauƙi. Buɗe zuciyar da ta fi wuya ita ce yarda Allah ya gaya maka abin da ba ka so ji ba. Mutanen Urushalima zuciyarsu a buɗe take ga Hananiya, ga Irmiya ne take a kulle. Bitrus ya yi shekara uku yana bin Yesu, ya yi wa'azi ranar Fentikos mutum wajen 3,000 suka tuba, duk da haka a kan soro a Yafa sai da aka nuna masa wahayi sau uku kafin ya yarda ya taka gidan Karniliyas, wanda ba Bayahude ba. Ya yi gardama da muryar sama, yana ganin tsarki yake karewa. Abin da ya cece shi shi ne da 'yan saƙo suka ƙwanƙwasa ƙofa ya sauko ya bi su. Yesu ya ce a Yahaya 7:17 wanda yake da niyyar aikata nufin Allah shi ne zai gane ko koyarwar daga Allah take. A aikin kiwon ikilisiya na ga haka sau da yawa: mutum yana cewa bai fahimci wani abu ba, alhali abin da ya riga ya fahimta ne yake gudun aikatawa. A wurinka, gaskiyar da ke jira a zaure mai nauyi ce. Allah ya ji addu'arku, yana da ikon warkar da Baba, bai kuwa warkar da shi a nan duniya ba, kuma bai ba ka dalili ba. Ni ma ba zan ƙirƙiro maka dalili ba, don in na yi haka na zama ɗaya daga cikin abokan Ayuba.

To a kan me za a dogara? Ka karanta Ayyukan Manzanni 12. A farkon surar Hirudus ya kashe Yakubu ɗan'uwan Yahaya da takobi. A tsakiyarta mala'ika ya kwance wa Bitrus sarƙa ya fitar da shi daga kurkuku. Sarki ɗaya ne, ikilisiya ɗaya ce, dukansu biyu suna cikin ukun da suka fi kusa da Yesu, kuma babu inda aka ce Yakubu ya gaza a bangaskiya. Bulus, wanda Allah ya warkar da mutane ta hannunsa, ya roƙa sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, amsar da ya samu ita ce alherin Allah ya ishe shi. Shi ne kuma ya rubuta wa Timoti cewa ya bar Tarofimas a Militas ba shi da lafiya. Shadrak da Meshak da Abednego sun ce wa sarki Allahnsu yana da ikon cetonsu daga tanderun wuta, sannan suka ƙara: ko bai cece mu ba, ba za mu yi wa gunkinka sujada ba. Wannan "ko da bai yi ba" ita ce ba ka taɓa ji daga bakin mai annabcin nan ba, kuma in babu ita, abin da ake kira bangaskiya ciniki ne.

Mafi girma duka, Getsamani. Ɗan Allah da kansa ya faɗi ƙasa ya ce Abba, kowane abu mai yiwuwa ne a gare ka, ka ɗauke mini ƙoƙon nan, amma ba nufina ba, sai naka. Ba a ɗauke ƙoƙon ba. Wa zai ce bangaskiyar Yesu ce ta kasa? A nan ne Kirista yake kafa ƙafarsa. Ba mu san dalilin kowane rashi ba, amma mun san halin wanda muke magana da shi, domin ya nuna shi a kan gicciye. Hujjar Bulus ke nan a Romawa 8:32: wanda bai hana Ɗansa ba amma ya ba da shi dominmu duka, ba mai rowar alheri ba ne. Kabarin da aka tarar babu kowa a ciki kuma shi ya sa yake ce wa Tasalonikawa kada su yi baƙin ciki irin na marasa bege. Bai hana su baƙin ciki ba. Irin sa ne ya bambanta.

Wannan ba labarin zamanin da ba ne kawai. 'Yan'uwanmu na Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda aikinta ya fara a Garkida a 1923, sun sha wannan ƙoƙo a idonmu. A watan Afrilun 2014 aka sace 'yan mata 276 daga makarantar Chibok, yawancinsu 'ya'yan wannan ikilisiya ne, a watan Oktoba kuma aka mamaye hedkwatarta da ke Kwarhi. Iyaye sun yi azumi da addu'a iri ɗaya. Wasu 'ya'yansu sun dawo, wasu har yau ba su dawo ba, wasu iyayen sun mutu suna jira. Babu mai tsoron Allah da zai tsaya ya raba su kashi biyu ya ce waɗannan sun fi waɗancan bangaskiya. Ikilisiyar kuma ba ta daina sujada ba, ko a sansanin gudun hijira.

Ina roƙonka kada ka tsallaka zuwa ɗaya gefen ka ce Allah ya daina warkarwa ko ya daina magana. Yakubu 5:14 ta ce marar lafiya ya kira dattawan ikilisiya su yi masa addu'a, muna yi, kuma muna ganin waɗanda Allah yake tayarwa. Muna kuma kai su asibiti ba tare da jin kunya ba, Luka da ya rubuta bishara ma likita ne. Ka roƙi abin da kake so gabagaɗi, ka ambace shi da sunansa, sannan ka bar hukunci a hannun Uba.

Game da wannan mako da masu zuwa, kada ka matsa wa kanka sai ka ji wani abu a zuciya. In addu'a ta ƙi fitowa, ka ari ta wasu: ka karanta Zabura 13 ko 42 ko 73 da murya, ko ka tsaya a kan addu'ar mahaifin yaron nan a Markus 9:24, wanda ya ce ya gaskata, a taimaki rashin bangaskiyarsa, Yesu kuma ya karɓe ta a haka. Ka ɗauki bisharar Markus, sura 16 ce kawai, ka riƙa karanta ɗaya a rana kana kallon yadda Yesu yake yi da masu ciwo da masu tsoro, domin hoton Allah da ke ranka yanzu mutumin nan ne ya zana shi, yana bukatar gyara. Ka nemi dattijo ɗaya ko dattijuwa a ikilisiyarku wanda ka san ya binne nasa, ka zauna da shi ka faɗi duk abin da ka rubuto mini. Ka kuma sanar da fastonku da dattawa abin da ya faru, da adadin abin da aka karɓa, don kada wani gida ya sayar da hatsinsa gobe. Gafarta wa mutumin wajibi ne a kanka, zai kuma ɗauki lokaci, amma gafara ba ta nufin ka koma ƙarƙashin koyarwarsa ko ka rufa masa asiri. Sannan ka zauna da Mama. Mai yiwuwa ne maganar nan ta "bangaskiyarku ce ta kasa" tana cin ta fiye da yadda take cin ka, ba ta dai faɗa ba. Ka karanta mata Irmiya 28 da Ayyukan Manzanni 12 da Hausa, a hankali, ka bar ta ta yi nata tambayoyin.